Rijiyar Bahaushe

Daga garin Kaya gudron, wato kwalta, ya ƙare. Abin da ya rage jar ƙasa ce mai gargada kamar haƙarƙarin saniya, mota tana rawa, haƙoranka suna bugun juna, har ka manta yadda ake zama lafiya. Shekara ashirin da wani abu ina facin taya a gindin darbejiya a Zangon Wagadugu, tayoyin mutane ne suke kawo mini labarin hanya. Ni kaina ban taɓa wuce Kaya ba sai wannan karon.

Ba yawon buɗe ido na fita ba. A shekarar ne hukuma ta ce za a rushe Zangonmu a yi benaye. Aka zo aka shafa wa kowane gida lamba da jan fenti, aka ba mu fili can kudu, bayan gari, inda ko inuwar da akuya za ta fake babu. Maƙwabta suka shiga cire ƙofofi da kwanon rufi. Inna kuwa ta ce ba inda za ta. Na yi lallashi, liman ya yi, matata Habi har kuka ta yi mata. Amsarta ɗaya ce kullum:

"In baƙo ya zo ya tarar ba gida fa?"

Kowa ya san baƙon. Yaya Mamman ne, ɗanta na fari, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, saboda kunya irin ta iyayenmu. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Ya bi wani aiki Nijar shekara goma sha tara baya, ya auri Buzuwa, ya shige daji. Wasiƙa biyu muka gani, daga nan shiru. Duk shekarun nan ban taɓa jin Inna ta tambayi labarinsa ba, sai da aka shafa jan fentin nan. Katafila kuma ba ruwanta da kunya. An ce bayan damina za ta shigo, ko da tsohuwa a ɗaki ko babu.

Wani Buzu mai gadin shagon 'yan Kano a unguwar Dapoya shi ya ba ni hanya. Ya ce can arewa da Cintabaradan akwai rijiyar da suke ce wa Rijiyar Bahaushe. Wanda ya haƙa ta yana zaune wurin da iyalinsa har ruwan farko ya sauka. Da ya sauka za su naɗe tanti su bi ciyawa, ba mai sake ganinsu sai baɗi. A lokacin bazara ta kusa ƙarewa. Na ɗauki pompina da ƙarafan cire taya da gam, na sa takardar lambar sabon fili a aljihu.

A Dori na fara taka rairayi a tsakiyar gari. Na nemi zomkom, ruwan garin gero da muke sha a gida, in jiƙa maƙoshi, babu. Wata Bafulatana mai fura ta ga yadda nake tafiya kamar wanda aka daka, ta ƙara mini nono ban roƙa ba, ta ce in sha a hankali, nan gaba ba zan sami mai sanyi ba. Gaskiya ta faɗa.

Bayan Tera muka iso bakin kogi. Ni ruwan da na sani shi ne na baraji, madatsar ruwan Wagadugu. Nan kuwa sai ga jirgi ya ɗauki motarmu da wata kamiyo, babbar motar kaya, da jakuna da mu duka, kamar ba komai. Na tsaya a gefe ina kallon ruwa yana wucewa, ban san ko mu ne muke tafiya ko tudun ne yake matsowa ba. Wani mai kwalekwale ya gifta yana waƙa da harshen da ban sani ba. Na ji kamar in ce a bar ni nan tsakiya.

Daga Yamai na hau bayan kamiyon hatsi mai bin hanyar Filinge zuwa Tawa. Kwana uku. Taya ta fashe sau huɗu, ni na yi facinta, direba kuma ya riƙa sa ni a kwanon abincinsa. Nan na ƙara yarda cewa hannuna ba ya kuskure a kan taya. Ku riƙe wannan.

Tawa ta ba ni mamaki. Kowa Hausa yake yi, jandarma, mai shayi, har yaran da ke wasa a kwata. A gida Mosawa suna ɗaukarmu baƙi duk da kakana a Zango aka binne shi. Na ce yau na zo inda ba ni da baƙunta. Ina buɗe baki sai aka fashe da dariya, wai ga Bamoshe yana Hausa. Na ci gaba da shan shayina. Waken nan namu da ake zuba wa mai da yaji da safe a bakin kasuwa, shi na riƙa tunawa, ban san dalili ba.

A tashar nan wani mai farar riga fes ya ji ina cigiya, ya matso. Ya ce Mamman mai rijiya ai abokinsa ne, dogo, baƙi. Na ce gajere ne. Ya ce eh, haka ne, sunkuyon cikin rijiya ya rage masa tsawo. Ni da girmana na yarda. Ya ci tsirena, ya sha shayina, ya zaunar da ni gindin wata bishiya ya ce motar ƙaninsa tana tafe, ya ari rediyona zai ji labarai. Kwana biyu na yi gindin bishiyar nan. Rediyon bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, a rana ta biyu na ga gizagizai sun fara taruwa a gabas.

A Cintabaradan, ranar kasuwa, na haɗu da Agali. Buzu ne siriri, ba ya yawan magana, Hausarsa kuma a gutsure take. Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yana kai gero da sukari da ganyen shayi rijiya-rijiya. Ya san Rijiyar Bahaushe. Ya ce kwana biyu ne, in ruwa bai riga mu ba. Da ya ga pompi a kafaɗata sai ya ce in hau.

Kafin in hau na zagaya motar, kamar yadda na saba. Tayoyin huɗu duk sun yi laushi, cikinsu ya baje a ƙasa kamar kwaɗo. Shekara ashirin ina yi wa masu mobilet, ƙananan baburan garinmu, faɗa a kan wannan. Na nuna masa. Ya ce, "Bar su." Na ce a raina, mutumin daji, bai san ciwon taya ba.

Daga nan hanya ta daina zama hanya. Da farko sawun mota biyu ne a cikin ƙasa, daga baya suka zama goma, kowanne ya kama gabansa, daga baya babu ko ɗaya. Agali yana tuƙi yana duban abin da ni ban gani ba. Mu biyu ne a baya kan buhuna, ni da wata tsohuwa Buzuwa mai ɗan akuya a cinya. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Da ta ga rana tana nema ta kashe ni, ta fizge rawanin da na saya a kasuwa na rataya a wuya kamar tawul, ta naɗa mini shi yadda ake yi, tana mita, ta bar mini ido kawai.

Ban san yadda zan kwatanta wurin nan ba. Fili ne, sai sama. In Agali ya kashe mota, shirun yakan yi nauyi har ka ji jininka yana tafiya a kunne. Mun ga bareyi uku sun tsaya suna kallonmu, sannan suka tashi kamar ba sa taɓa ƙasa. Da rana ta take, ruwan ƙarya ya malale gabanmu, fari tas, yana ƙyalli. A cikinsa na ga Zango. Wallahi na gan shi. Hasumiyar masallacinmu, darbejiyata da tsoffin tayoyi a gindinta, layin masu ɗinki, duk suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, ba rufi ko ɗaya, ba kowa. Sai ƙofa ɗaya a buɗe, na san ta wa ce. Muna matsawa yana ja da baya. Na lumshe ido, na buɗe, yana nan. Har na daina tsoronsa, na zauna ina kallo kamar mai kallon gida daga tsallaken titi.

Rana ta biyu da tsakar rana muka tsaya a gindin wata ƙaya guda ɗaya tilo. Agali ya nuna arewa, inda sama ta yi duhu can ƙasa-ƙasa. Ya ce bayan la'asar za mu isa, in Allah ya so mu tarar da su ba su ɗaure kaya ba. Ya sha shayi, ya rufe fuska, ya yi barci.

Ni kuma na kasa zama. Mutumin nan ya ɗauko ni, ya ba ni ruwansa, taya ko ɗaya ba ta fashe ba balle in nuna amfanina. Na dubi tayoyin nan masu laushi, zuciyata ta ƙi. Na ɗauko pompi. Cikin zafin nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana shiga mini ido, har sai da babban yatsana ya kasa lotsa ko ɗaya. Aiki mai kyau, irin wanda ake yaba mini a Zango. Tsohuwa tana kallona, ta faɗi wata doguwar magana. Na ɗauka albarka take sa mini, na ce amin.

Ba mu yi tafiyar rabin awa ba muka faɗa wani busasshen kwari mai laushin rairayi. Mota ta yi gurnani, ta yi ƙasa, ta sake gurnani, ta zauna a kan cikinta. Agali ya sauko. Ya dubi tayar gaba, ya taka ta da ƙafa. Ya zagaya ya taka sauran.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Kyauta na yi maka."

Ya daɗe yana kallona ta tsagar rawani. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai ya karyo ƙaya, ya durƙusa, ya danna bakin tayar. Iskar da na sha wahalar zubawa ta riƙa fita tana huci.

"Garinku iska kuke sayarwa," in ji shi. "Nan sakinta ake yi. Ka dubi ƙafar raƙumi in ya taka. Faɗi take yi."

Muka yi ta tono da shebur da hannu. Rairayi mai zafi kamar ruwa yake, kana kwashewa yana komowa. Muka sa faranten ƙarfe a ƙarƙashi, mota ta hau, ta zame, ta ƙara nutsewa. Daga ƙarshe Agali ya jefar da shebur, ya ce sai da safe, in rairayi ya yi sanyi ya kama jikinsa. Wajen la'asar sakaliya, lokacin da ya kamata a ce muna bakin rijiya, iska ta juyo daga arewa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk rayuwata ina son ƙanshin nan. Ran nan ji na yi kamar an ce mini an yi rasuwa.

Da hantsi muka isa Rijiyar Bahaushe. Ba kowa.

Ga ramukan turakun tanti, ga toka, ga kashin raƙuma ko bushewa bai yi ba. Itatuwan bakin rijiya igiya ta ci su ta yi musu zane-zane masu zurfi. A jikin simintin bakin na ga shaidar tafin hannu. Yaya Mamman haka yake yi in ya gama aiki, tun a gida, yakan danna hannunsa na hagu a ɗanyen siminti, wanda ƙaramin yatsansa ya guntule. Na sa hannuna a ciki. Na leƙa rijiyar, can ƙasa sama ta zama 'yar ƙaramar tasa tana motsi. Na ce, "Yaya." Rijiya ta maido mini da shi.

Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ga Inna zaune a ɗakinta da katafila a ƙofa, duk saboda ni da pompina.

Tsohuwar nan ce ta zo ta ja mini hannun riga. Ta kai ni inda tanti mafi girma ya tashi, ta nuna ƙasa da sandarta. Duwatsu biyar ne a jere, babba, sai mai bi masa, har zuwa ɗan ƙarami. Da ni kaɗai ne da na taka su na wuce. Agali ya zo ya tsuguna. Ya ce mutanen nan ba sa tashi su bar wuri haka nan, don kullum akwai wanda ba ya nan, wani ya tafi kasuwa, wani yana neman raƙumin da ya ɓace. Babban dutse yana ƙofar da aka bari, ƙaramin yana duban inda aka nufa. Wanda ya dawo ya bi.

Inda ƙaramin ya nuna ba hanyar Agali ba ce, man motarsa kuma a ƙididdige yake. Ban roƙe shi ba, ba ni da bakin roƙo. Ya hura wuta, ya dafa shayi, muka sha har kofi na uku. Sannan ya miƙo mini ƙaya, ya ce gaba rairayi ya fi laushi, in ƙara rage musu. Na durƙusa gaban taya na saki iska da hannuna. Tun da na kama sana'a ban taɓa yi ba.

Bayan azahar muka hango su. Da farko ɗigo-ɗigo ne suna yawo a kan ruwan ƙarya, ba ƙafafu. Sannu a hankali suka zama raƙuma da jakuna da awaki, da mata a kan kaya. Ƙasa ta yi dabbare-dabbare inda ruwa ya taɓa, fararen tsuntsaye suna binsu, ban san daga ina suka fito ba. A gefe wani gajeren mutum yana jan raƙumi a ƙasa. Fuskarsa a rufe take, amma tafiyar babanmu ce.

Na sauka. Na gaishe shi yadda muke gaisuwa a Zango, rabi Hausa rabi Mosanci. Ya tsaya cak.

"Sale?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka tsufa."

"Kai ma ba yaro ba ne."

Hausarsa ta yi nauyi, kamar yana jawo kowace kalma daga ƙasan rijiya. Muka zauna a inuwar raƙumi na faɗa masa komai, jan fenti, sabon fili, katafila, da tsohuwar da ta ƙi tashi. Ya ce ba zai iya bin mu yanzu ba. Dabbobi sun fito daga bazara ƙashi da fata, matarsa ga ciki ya tsufa, in ya juya baya yanzu ba zai tarar da komai ba. Sai bayan damina. Na ciro takardar lambar fili na ba shi. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya maido mini. Ya ce shi lamba ba ta kai shi ko'ina, takarda kuma akuya za ta cinye.

"Ka jera mini duwatsu a ƙofar gida. Ka ce mata ta tashi."

Sannan ya tambaya ko ta ambaci sunansa. Na ce a'a, baƙo take ce masa. Ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, ya juya yana gyara igiyar raƙumi da ba abin da ya same ta.

Komowa ba ta da labari, gajiya ce kawai. Na kai wa Inna cukun da ya ba ni. Ta sansana, ta ɗaure a bakin zane. Ba ta tambayi lafiyarsa ba, ba ta tambayi 'ya'yansa nawa ba. Na faɗa mata maganar duwatsu. Ta ce guda nawa? Na ce biyar. Ta tashi da kyar ta ciro uku na murhunta, ta haɗa da ɗan dutsen niƙa da wanda ake tokare ƙofa. Ta tsaya a kaina har na jera su. Washegari muka ɗora kayanta a amalanken jaki.

Katafila ta zo bayan damina ta share komai, har duwatsun. Zango ya zama fili kamar wancan na dajin Buzaye, sai dai ba shi da kyau irin nasa. Duk Juma'a bayan masallaci sai in hau mobilet in je. Ba abin da ya rage da zan gane wuri sai kututturen darbejiyata. Daga nan nake ƙirga taku zuwa inda nake zaton ƙofarmu take, in tsinci gutsattsarin bulo biyar in jera. Mai gadin filin ya ɗauka asiri nake binnewa, ya kore ni sau biyu. Da na ba shi labari sai ya daina, har in na makara nakan tarar ya gyara wanda yara suka shure. Inna ba ta taɓa tambayata ina nake zuwa ba. Amma duk Juma'a in na dawo sai ta dubi takalmana.

Aka yi wata shida, aka yi bakwai. Zafi ya sake dawowa. Wata ranar Talata ina sunkuye a kan tayar wani mai amalanke a sabuwar unguwa, na ga inuwa ta tsaya a kaina.

"Sale, duwatsunka sun karkace. Unguwar Bilbalogo suka kai ni. Kwana biyu ina yawo, sai da wani mahaucin Zango ya gane ni."

Na bar tayar nan a buɗe, na sa shi gaba muka shiga gida. Inna tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Ya yi sallama ya durƙusa daga nesa. Ta ɗago sau ɗaya, ta mai da fuskarta ga bango.

"Habi," in ji ta, "a ba baƙo ruwa."

Habi ta yunƙura za ta tashi. Inna ta ɗaga mata hannu. Tsohuwar da tun ƙaurarmu ba ta miƙewa sai an kama ta, ta dafa bango ta miƙe ita kaɗai. Ta je randa, ta ajiye moɗar baƙi gefe, ta ɗebo da kofinta na kanta. Ta miƙa masa fuskarta tana duban wani wuri, ruwan yana zuba a kan yatsunta, ba ta saki kofin ba har ya shanye.